Ƙaramin Hannu a Bakin Tulu

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsintar wake, sai na ji matar jikana ta juye shinkafa cikin bokitin roba wanda ba komai a ciki. Kun san wannan ƙarar. Ƙwayoyin farko sukan bugi gindin mazubi da ƙarfi, tas-tas, kamar farkon ruwan sama a kan kwanon rufi, sannan ƙarar ta yi ta laushi har ta ɓace. Ni dai duk inda na ji ta, sai in gan ni a ƙuryar ɗakin kakata, ƙafa ba takalmi, ina tsaye a gaban wani baƙin tulu.

Da ta gama sai ta zo ta zauna a gefen tabarmata, goyo a baya, waya a hannu. Yarinyar kirki ce, wannan ba na ɓoyewa. A wani shagon buga takardu take aiki a unguwar Kongo, mijinta malamin firamare ne, kuma daga tukunyarta nake ci tun da gwiwoyina suka ƙi tsugunnon murhu.

Ta ce, "Hajiya, sabuwar shekara ta kama. Na rubuta abubuwan da za mu rage a gidan nan."

Na ce, "Wace shekarar? Tamu ko ta masu albashi?"

Ta yi dariya, ta ce ta masu albashi. Ta shiga karanto mini. Za a daina sayen ruwan leda, a riƙa tafasa na rijiya. Wake da ganda a gawayi za a dafa, gas na shayin safe ne kawai. Magi da omo a sayi babban ƙunshi, a bar sayen ɗai-ɗai a shagon bakin layi. Ni ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ya fi zama daram a kan abin da ke cikin wayarta. Ina ji ina gyaɗa kai, har ta kai na tara. Na tara, za ta daina hawa keke napep zuwa Kongo, za ta riƙa takawa. Na goma, za ta daina cin abincin rana a wurin aiki, in ta karya da safe sai ta dawo gida. Mace da goyon wata huɗu.

Hannuna ya tsaya cak a cikin faifai. Na bar maganar ta kwana, don babba ba ya amsa magana da zafinta. Amma ku bari in ba ku labarin tulun nan, ku ji abin da ya tsayar mini da hannu.

A nan Tudun Wada aka haife ni, tun ana tsayawa a ƙofar gidanmu a hango gonakin dawa ta wajen Gyallesu. Baba tela ne, keken ɗinkinsa a zaure. Aikin tela kuwa kamar ruwan kwazazzabo yake: kafin sallah ya taho kamar zai ci gida, bayan sallah ya ɗauke ƙaf. Mu bakwai ke ci daga tukunya ɗaya, ban da jaririn da Inna ta haifa a shekarar da nake ba ku labari. Akwai Baba da Inna, da yayyena maza biyu, da ni, da ƙanwata wadda ba ta daɗe da yaye ba, sai mahaifiyar Baba, wadda duk muke ce wa Iya.

Iya 'yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗar Inna ba. Kullum tana bakin ƙofarta da mazari tana kaɗi, ƙanshin auduga da na goro ba sa rabuwa da zanenta. Wasu a layinmu na ce mata mai maƙo. Ƙarya suke yi. Baƙo bai taɓa fita gidanmu da yunwa ba. Abin da dai ba ta yarda da shi ba, shi ne a ga ƙwayar hatsi a ƙasa a tsallake.

Ranar cika-ciki ce kaɗai za ka ji Iya da bakinta tana cewa a ƙara. Wutsiyar ragon layya da ta rataye a saman murhu tun babbar sallah, hayaƙi ya busar da ita ta yi baƙi, ranar ake sauke ta a jefa a miya. Gida ya ɗauki ƙanshi har zaure. A ci, a ƙara, har yara su kasa tashi daga gaban akushi, wai don a shiga shekara da ƙoshi. To, washegari da safe, ciki na cike, ido ya natsu, sai Iya ta tara mu a tsakar gida ta faɗi niyyarta ta shekara.

Niyya ɗaya take yi, ba ta wucewa. Takan ce wanda ya ɗora tulu biyu a ka, ƙasa ce za ta sha ruwansa. Wata shekara ta ce bana ba za a sayi ashana ba, a riƙa binne garwashi a toka ya kwana da ransa. Wata shekara ta ce guntayen sabulu kada a yar, a tara a jiƙa a cure su dunƙule ɗaya. Wata kuma ta ce ƙanzo ba na kaji ba ne, a shanya a ajiye. Abin da aka ɗauka bara ba a sauke shi, sai dai a ɗora na bana a kai. Haka gidanmu ya koyi tattali, a hankali, ba wanda ya ji zafi.

Amma uwar duk niyyoyin nan ita ce tulu. Baƙi ne, mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki, yana bayan gadon Iya. Kowace safiya Baba yakan auna mudu biyu na dawa daga buhu ya zuba a ƙwarya, ya ajiye a ƙofar turakarsa ya fita zaure. Kafin ƙwaryar ta isa wurin Inna a surfa, sai an bi da ita ta ɗakin Iya, a damƙi abin da hannu ɗaya ya iya damƙa a jefa cikin tulu. Damƙi ɗaya. Ba a buɗe tulun sai marka, lokacin da ruwa ke wuni yana zuba, hatsi ya yi tsada a kasuwa, keken Baba ya yi shiru. A nan tulun yake ɗaukar gidan mako biyu, wani lokaci uku, ba mu je ƙofar kowa ba.

Kuma ba kowane hannu ke yin damƙin ba. Iya ce ke zaɓa.

A wannan shekarar, sabuwar shekara ta faɗo cikin bazara, zafi kamar a toya ƙwai a daɓe. Iya ta ce mu yara mu miƙo hannuwa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta wuce na yayyena, ta wuce na ƙanwata da ko ƙwarya ba ta iya ɗauka, ta riƙe nawa. Ta ce, "Bana ke ce."

Ban fi shekara tara ba. Wallahi ranar ƙasa ba ta ishe ni takawa ba. Na tabbata a raina an duba gidan kaf ba a sami mai hankalina ba. Ƙaramin yayana, wanda shi ya riƙe aikin kafin ni, ya dubi hannuna ya ce, "Wannan ƙafar kazar? Sai kin yi jika tulun bai kai rabi ba."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Iya tana da wata dabara, ba ta leƙa tulu, sai dai ta ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa ta saurara. Inda hatsi ya kai, ƙarar takan mutu. Inda ba komai, takan yi kuwwa. Ni ma na koya. Kullum in na jefa damƙina sai in ƙwanƙwasa, kullum tulun ya amsa mini da kuwwa kamar yana yi mini dariya tare da yayana.

Ran nan na waiga, Iya tana waje da mazarinta, idonta ma ya fara rauni. Na ƙara damƙi na biyu. Ba abin da ya faru. Bayan kwana kaɗan na koma haɗa hannu biyu ina kamfata. Daga nan na ga ɗan ƙoƙon da Iya ke shan jiƙo da shi a rataye, na ce ai wannan ya fi sauri. Ƙoƙo ɗaya, wata rana har da ɗori. Ku fahimce ni, ban taɓa kai ƙwaya ɗaya bakina ba, ban sayar ba. A ganina alheri nake yi wa gidan. Ina ta ƙiyasta ranar da za a buɗe tulu a same shi har wuya, Iya ta ce tun da take ba ta taɓa ganin hannu mai albarka irin nawa ba.

Na tuna safiyar da na fara kai wa Inna ƙwarya bayan ƙoƙon. Ta karɓa, ta auna nauyinta a hannu, ta dubi inda hatsin ya tsaya. Sannan ta ɗaga kai ta dubi wajen zaure. Keken Baba shiru, tun bayan sallah ko ɗan faci ba a kawo ba. Ta sunkuyar da kai ta juye a turmi.

Yanzu da na tsufa na san abin da ta karanta a cikin ƙwaryar nan. Ta zaci Baba ne ya rage awo don buhu ya kai mu, kuma kunya ta hana shi faɗa. Irin matan da, mace ba ta tsayar da mijinta ta ce yau awo bai cika ba, balle tana ganin sana'arsa ta tsaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai ta rufa masa asirin da shi bai ma san akwai ba.

In ta tuƙa tuwo, akushin Baba cike yake fita. Na Iya cike. Na yayyena, namu ni da ƙanwata, duk yadda aka saba. In Iya ta ce, "Ke ina naki?" sai ta ce, "Na ci a wajen kwasa." Ni da idona na sha ganinta a bayan madafa tana shan ruwan jiƙon ƙanzo. Ban haɗa wannan da ƙoƙona ba. Yaro yana ganin abu, amma ba ya ganin igiyar da ta ɗaure shi da wani.

Jaririn ya fara kuka. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, ya yi ta tsala ihu har muryarsa ta dushe. Kumatunsa suka zube. Maƙwabta wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce baki ne. Aka karɓo rubutu, aka jiƙa saiwa. Inna tana da warwaro guda uku na azurfa da ke tsayawa a wuyan hannunta. Sai na ga in ta ɗaga taɓarya suna zamewa har gwiwar hannu.

Wata biyu aka yi a haka. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙanshin da ke sa mutum son ya ɗebo ya ci. Da safe Iya ta shiga ɗaki da busasshen barkono a hannu, za ta zuba a tulu saboda ƙwari. Ina tsaye da ƙwarya. Ta ƙwanƙwasa ƙasan tulu, ƙarar a mace. Ta hau sama kaɗan, a mace. Ta kai har kusa da kafaɗarsa kafin ya yi kuwwa. Ni kuwa baki har kunne, ina jiran yabo.

Ta ce, "Nuna mini yadda kike yi."

Na sauko da ƙoƙo, na cika shi har da tozo, na juye.

Iya ta zauna a bakin gado a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in kira mata Inna.

Inna ta shigo ta durƙusa, jariri a kafaɗa. Iya ta kama hannunta, ta tura warwaron da yatsa ɗaya, suka tafi har sama ba abin da ya tare su.

"Tun yaushe?"

"Iya, ai ina ci."

"Ban tambaye ki ko kina ci ba."

Inna ta ce, "Na ga awon ya ragu. Ga keke ba aiki. Ban so ya ji nauyi."

Iya ta ce, "Shi kuwa gogan yana zaure yana share akushi, yana cewa albarka ce ta sauka a gidansa."

Inna ta so yin dariya, hawaye ya riga ta. A nan ne igiyar ta bayyana gare ni, tun daga ƙoƙon da ke hannuna har zuwa bakin jaririn nan. Ƙoƙon ya faɗi. Na so ƙasa ta tsage.

Na jira duka, bai zo ba. Iya ta jawo ni, ta shimfiɗa hannuna a kan tafinta. Ta ce, "Kin san abin da ya sa na zaɓe ki?"

Ina shessheƙa na ce, "Don na fi su hankali."

Sai ga Iya tana dariya, tana share ido da gefen zane. Ta ce, "Ji mini ja'ira. Don cikin masu iya ɗaukar ƙwarya, hannunki ya fi na kowa ƙanƙanta ne. Da babban hannu nake so, ai ga nawa, ga na ubanki. Damƙin ƙaramin hannu, tukunya ba ta sanin an taɓa ta. In ya wuce haka, to akwai cikin da ke biya. Kuma kullum cikin mai kwashe tuwo ne."

Ranar Iya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta buɗe tulu marka ba ta zo ba. Ta kwashe duk abin da ya haura inda ƙaramin hannu zai kai. Kullum da hantsi a ɓarza tsaki, ta tsinko rama da yakuwa a bayan gida, ta daka gyaɗa, ta yi wa Inna fate da hannunta. Hukuncina shi ne in kai kwanon, in zauna a gaban Inna, kada in tashi sai na ga gindinsa. In Inna ta miƙo mini cokali ta ce in taya ta, sai in ji muryar Iya daga ƙofa: "Ina jin ku." Ido ne ya yi rauni, kunne garau.

Kafin wata ya zagayo, kukan jariri ya ragu, kumatu suka dawo. Warwaron Inna suka koma mazauninsu. Wannan jaririn shi ne ƙanena da ke Kaduna yanzu, tumbinsa ko babbar riga ba ta rufewa. Bai san saura ƙiris in yi tattalinsa har lahira ba. Baba ma har ya koma ga Allah bai ji labarin nan ba.

Na zaci an karɓe aikin daga hannuna. Washegari na wuce da ƙwarya kai tsaye wurin turmi, Iya ta kira ni ta ce, "Ina za ki? Hannun da ya taɓa yin kuskure ya fi sabon hannu sanin awo." Shekara biyu na ƙara ina yi, kafin hannuna ya girma a ba ƙanwata.

Markar shekarar ta matse mu, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma Iya da kanta ta riƙa zama a bakin tukunya lokacin kwasa, kowa ya ji rabonsa na yunwar, ba a tara ta a ciki ɗaya ba. Da cika-ciki ta zagayo, muka taru washegari muna jiran mu ji me kuma za a daina saye. Iya ta ce, "Bana niyyata, mai kwasa ita za ta fara cire nata, a gabana." Yayana ya ce, "Iya, wannan ai ba tanadi ba ne." Ta ce, "Shi ne babba. In murhu ya rushe, a kan me za ka ɗora tukunyar?"

Jiya da la'asar na kira matar jikana, na ce ta sake karanto mini. Ta karanta. Na ce takwas na farko Allah ya ba da iko, ko da yake ni da guda ɗaya zan fara. Na tara da na goma kuwa, ta goge.

Ta ce, "Hajiya, ai su ne suka fi cin kuɗi a wata."

Na ce, "Mijinki ya san da su?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da ƙafar jaririn. Irin sunkuyon Inna sak. Ta ce, "Abin ya yi masa yawa, Hajiya. Ban so ya ji nauyi."

Shekara kusan sittin tsakani, magana ɗaya, ko harafi ba ta canza ba. Na ce to ta zaɓa, ko ta goge, ko in ya dawo in zaunar da angon nawa in karanta masa da ka, tun da ni ba na mantuwa. Ta ce, "Ke dai tsohuwar nan ba a cin nasara a kanki." Ta goge ina kallo, duk da ban san me yatsanta ya taɓa ba. Na sa ta rantse.

Sannan na ba ta labarin tulu, na ce ta samo mini bokiti mai murfi. Ta ce, "Damƙi ɗaya me zai yi a wannan tsadar?" Ban yi mata musu ba. Zamani ya juya. Mu abin da muke tsoro buhu ya ƙare. Su kuwa ga gas, ga kuɗin wuta, ga katin waya, abubuwan da ba a damƙa a jefa a tulu. Gonakin da nake hangowa duk sun zama gidaje. Ban san dabarar wannan zamani ba, su suka sani. Abin da na sani ɗaya ne, duk tanadin da aka kawo mini, sai na tambaya cikin wa zai biya.

Ta kawo bokitin, ta ce to hannun wa? Ɗanta ko wuyansa bai gama tsayawa ba. Na ce ta miƙo nata. Dogayen yatsu, tafi mai faɗi. Na ɗora nawa a kai. Ban lura ba sai jiya: ya tsotse, ya tattare, yatsu biyu ma ba sa rufuwa, in na damƙi abu rabi ta tsakaninsu yake zubewa. Ashe hannun ya koma inda ya fito. Duk gidan ba wanda ya kai shi ƙanƙanta.

Yau da safe ta kawo mini awon shinkafa har ƙofar ɗaki. Na yi bisimilla na damƙa, na jefa. Tas-tas. Ta saɓa goyonta, ta ɗauki kular abincinta, na ji ta a bakin layi tana tsayar da mai keke.

Da gidan ya yi shiru, na kai bayan yatsa na ƙwanƙwasa bokitin. Ya amsa mini da kuwwa tun daga sama har ƙasa. Na ce madalla, ka cika a hankali, ba mai korar ka.